Gadon Da Ya Karye Da Hajiya

Auta tana durƙushe a tsakar ɗaki, ta tattare zani zuwa gwiwa tana kwarara ruwa daga bokiti kamar mai wankin mota, sai ta ji sallamar uwar mijinta a bakin ƙofa. Ta yi wuf ta miƙe. Hajiya ba muguwa ba ce, ko kusa, sai dai mace ce da idonta ke hango ƙurar da ba ta ma sauka ba tukuna. Shi ya sa tun da Auta ta tare a gidan nan take wanke ɗakin kwana safe da yamma, ruwa har ƙarƙashin gado.

"Sannu da aiki, 'yata. Ina Dogon?"

"Ya tafi shago, Hajiya. Sannu da zuwa."

Dogo mai gyaran waya ne, ɗan Hajiya ɗaya tilo, kuma tsawonsa ne ya cinye sunansa na gaskiya. Gidan da ya kama musu ɗaki biyu ne da falo a ƙasan bene, bayansa magudanar ruwa. Da damina bangon gumi yake yi, takalmin da aka manta a lungu kuwa sai ya tsiro gashi. Su dai ba su damu ba, soyayya suke sha, ba ji ba gani.

Hajiya ta zarce ɗakin kwana kai tsaye, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wa ya buɗe tagar nan? So kike sanyi ya kama miki ƙirji?"

Ta rufe tagar, ta ja labule, ta duba kafet mai kaurin da ta ba su kyauta, wanda ta sa aka shimfiɗa a ƙarƙashin gado don kada ƙafar amarya ta taɓa siminti. Ta gyaɗa kai, sannan ta juya ta zauna a bakin gadon da dukkan nauyin da Allah ya ba ta, kuma ya ba ta da yawa.

Wannan gadon ba kamar sauran gadaje ba ne. Mahaifin Auta, Baba Kafinta, shi ya ƙera shi da hannunsa. Sai da ya kwantar da Dogo a kan simintin shagonsa ya auna shi daga kai har dunduniya, maƙwabta suna ta dariya. Shi ne aikinsa na ƙarshe kafin idanunsa su fara dushewa, don haka Auta take ji da shi kamar ranta. Dogo ma haka: ledar da aka naɗo ƙafafun gadon da ita bai yarda an cire ba, har ƙara ɗaure ta ya yi da roba, wai kada ruwan wanki ya taɓa katakon Baba.

Gadon ya yi wata 'yar ƙara kamar mai neman afuwa. Sai ƙafar baya ta lotse, ta gaba ta bi ta, katifa ta zame, Hajiya ta tafi da baya, ƙafafu sama, ɗankwali gefe.

"Innalillahi! Hajiya, kin ji ciwo?"

Ba ta ji ciwo ba ko ƙwarzane. Da ma ciwon ta ji, da abin ya zo da sauƙi, don kunya ta fi targaɗe daɗewa a jikin babba. Ta miƙe tana haki, ta ɗauki guntun ƙafar gadon, ta murza shi ya marmashe a hannunta.

"Wannan ne gadon da aka cika mu da labarinsa? Ai katakon akwatin tumatir ya fi shi. In mutum ya tsufa ya ajiye zarto mana, ba sai ya kashe surukai ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Maganar ta soke ta har ƙashi, amma ta haɗiye, ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Kafin rana ta yi tsaka labari ya isa kunnen Umma, mahaifiyar Auta, kuma ya isa da gishirinsa. Umma ba ta iya magana a hankali ba. In tana waya, wayar ado ce kawai. Da la'asar ta iso, ta shafa bangon ɗakin, ta nuna wa 'yarta tafin hannunta a jiƙe.

"Kin gani? Wannan gida ne ko rijiya? Katakon ubanki suke zagi, alhali ɗansu ya ajiye min 'ya a cikin kwata. Ko ƙarfe aka kawo nan sai ya narke. Yau gado ne, gobe ƙirjinki."

"Umma, lafiyata ƙalau."

"Ban tambaye ki ba. Ranar hutu zan zo da mota. Ki haɗa kayanki, kina gida sai ya samo gidan mutane."

Da Dogo ya dawo sai ya tarar da gado a durƙushe, mata a kumbure, wayarsa kuma tana ta ruri da kiran Hajiya. Ita ma ta yanke nata hukuncin: a fitar da tarkacen nan, ta riga ta zaɓo musu gadon ƙarfe. Ya zauna a kan katifar da aka sauke ƙasa, gwiwoyinsa har kunne.

"Bebi, ki tsaya mu yi maganar hankali. Ni ban ce Baba bai iya aiki ba. Amma kin san idonsa — ƙila a wajen sayen katakon aka cuce shi."

Auta ta ɗago ta dube shi. Da Hajiya ta faɗa ta daure, amma daga bakinsa sai ta ji kamar an mare ta.

"Kai ma? To gidanka fa, da ko gishiri ba ya kwana a bushe?"

"Au, yanzu gidan nawa ne ni kaɗai?"

Daga nan magana ta ƙare. Shi ne faɗansu na farko, kuma ba su iya shi ba. Ta yi kuka a kicin, ya yi tagumi a falo. Kwanakin da suka biyo baya sai gaisuwa a taƙaice da shayi a gaba, kowa yana satar kallon kowa. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kai ba tare da sun yi shawara ba: kada Baba ya ji. Auta tana son mijinta so na gaske, kuma tana tsoron ranar hutun nan, don ta san in ta shiga motar Umma, Hajiya ba za ta bar ɗanta ya je biko ba, Umma kuma ba za ta dawo da ita da kanta ba. Aure zai mutu a kan ƙafar gado, kowa yana jiran wani ya fara sunkuyawa.

Ranar hutu da hantsi motoci biyu suka yi kiciɓis a ƙofar gida. Ɗaya a-kori-kura ɗauke da gadon ƙarfe yana walƙiya, Hajiya a gaba. Ɗaya tasi, Umma a ciki, kusa da ita kuma Baba Kafinta da sandarsa.

"Baba," Auta ta ce, "wa ya gaya maka?"

"Uwarki ta yi waya a ɗaki, ni ina bakin titi," ya ce yana murmushi. "Har mai shayi ya yi min jaje."

Surukan biyu suka gaisa, irin gaisuwar da ta fi zagi ciwo, kowacce tana tambayar lafiyar 'yar'uwarta da haƙora a haɗe. Hajiya ta ce a shigo da gado. Umma ta ce a fito da akwati. Dogo ya yi tsuru-tsuru a tsakiya, duk tsawon nan bai amfane shi da komai ba.

Sai Auta ta durƙusa a gaban iyayen.

"Umma, ban taɓa yi miki musu ba. Hajiya, ban taɓa mayar miki da magana ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. An zagi katako, an zagi gida, amma har yau ba wanda ya leƙa ƙarƙashin gadon nan. A ɗaga shi kowa ya gani. In an gani, duk abin da kuka ce zan yi."

Dogo ya dube ta, ya naɗe hannun riga. Shi da direban a-kori-kura suka janye gadon daga jikin bango, suka kifa shi. Wani wari ya taso, sai da kowa ya toshe hanci. Bayan fuskar gadon, inda ya manne da bango, ya yi baƙi ƙirin da fumfuna.

Farkon abin da ya bayyana kwalaye ne, jere reras daga kai har ƙafa, babu inda iska za ta ratsa. Kwanuka da zannuwan da Umma ta cusa a wurin da hannunta, wai ajiyar gaba. Gindin kowane kwali ya jiƙe ya zama fate.

"Ikon Allah," Hajiya ta ce da daɗin murya. "Ashe shago aka buɗe a ƙarƙashin gadon ɗana."

Ba ta rufe baki ba Dogo ya ɗaga gefen kafet. Ruwa ya ɗiga daga jikinsa kamar soso.

"Ikon Allah," Umma ta mayar mata. "Wannan kafet ɗin wa ya kawo shi? Kuma wa ke bi yana rufe taga?"

Auta ta ce a hankali, "Ruwan nawa ne. Kullum sai na malala bokiti, safe da yamma."

"Don me?" Hajiya ta tambaya.

"Don kada ki zo ki ga ƙura."

Dogo kuwa ya tsuguna ya kwance robar da ke ɗaya daga ƙafafun gadon da suka rage. Ledar tana buɗewa ruwa ya tsiyayo, baƙi, mai wari, da ƙusoshin da tsatsa ta cinye. Duk ruwan da ya shiga ledar bai taɓa samun hanyar fita ba. Ƙafafun gadon a jiƙe suke kwana suke tashi.

"Ni kuma na zaci kariya nake ba shi," ya ce yana sosa ƙeya.

Direban a-kori-kura ne ya fara fashewa da dariya. Umma ta so ta daure, ta kasa. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa, "Mun taru mun kashe gado da ƙauna, muna neman ɓarawo."

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya lallaɓa ya zauna a ƙasa, yana bin falankan da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a inda suka lanƙwashe, da inda gam ya saki.

"Ku rage min nawa kason," ya ce. "Katakon nan bai gama bushewa ba na yanka shi, kuma na sani. Ɗanyen katako ko a busasshen gida sai ya motsa."

"Haba Malam," Umma ta ce, "kai da kake korar mai saye a kan ɗanyen katako?"

"Likita ya riga ya gaya min abin da ke tafe. Na duba na ga in na jira katako, ido ba zai jira ni ba. Na yi wa 'ya'yan mutane gadaje ba adadi. Na so in ga na autata da idona."

Hawaye suka zubo wa Auta, ta rarrafa ta riƙe hannunsa mai kanta. Hajiya ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta yi abin da ba wanda ya taɓa gani: ta rusuna.

"Malam, bakina ya yi kuskure. Ka yafe min." Ta juya ga direba. "Kai, mayar da ƙarfen nan inda ka ɗauko shi."

Dogo ya matso ya tsuguna kusa da surukinsa. "Baba, hannunka yana nan, ni kuma ina da ido. Ka faɗa, in auna, in yanka. In na yi shirme ka ranƙwashe ni."

"Sai ka sunkuyo tukuna," Baba ya ce. "Amma wannan karon za mu jira katako ya bushe, ko zai kai baɗi."

"Za mu jira," Auta ta ce. Ta saci kallon mijinta, ya kashe mata ido, faɗan ya mutu a nan.

Umma ta daɗe tana kallon akwatin 'yarta da ke bakin ƙofa. Can ta ce, "Mayar da shi ciki. Amma a gyara bangon nan, kuma a bar tagar nan a buɗe." Tasin da ta zo ɗaukar Auta ta koma maƙare da kwalaye.

Sun daɗe suna kwana a katifa a ƙasa. Aka toshe inda ruwa ke tsattsafowa a bango, kafet ya koma falo, Auta ta koyi matse tsumma. Duk ranar hutu Dogo yana shagon Baba yana shan faɗa, yana dawowa da garin katako a gashi. Da aka gama, aka kafa gadon nesa da bango, ƙarƙashinsa fayau, iska tana kai da kawowa.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: in abu ya lalace a gidanku, ku fara neman dalili kafin ku nemi mai laifi, kuma kada zafin iyaye ya sa ku saki hannun juna. Sau da yawa masu ƙaunarku ne suke yi muku ɓarna ba su sani ba, haƙuri da ladabi ne ke sa su gani.

Ranar da aka kawo Baba, idon ya riga ya tafi gaba ɗaya. Ya shafa gadon daga kai har ƙafa, ya girgiza shi, bai motsa ba. Auta ta tambaye shi ko ya yi.

"Ya yi," ya ce. "Wancan na gan shi, ban yarda da shi ba. Wannan ban gan shi ba, amma ku kwanta da hankalinku."