Tsakanin Tanki da Famfo

Ƙarfe tara na safe aka ajiye wa Sufeto fayil: wata mata ta zuba guba a tankin ruwan gidan mijinta. Uwar mijin ta yi ta amai, ƙaramin yaro yana asibiti. Matar kuwa kwananta biyu a tsare a bayan kanta.

Shekara ashirin da shida Sufeto yana wannan aiki, bai tsira da komai ba sai ciwon baya da kujera mai ɗingishi. Ya sa aka fito da ita.

"Me kika zuba a tanki?"

"Yallaɓai, ɗan da ke asibiti ni na haife shi." Idonta a bushe. "Sati uku ina cewa ruwan nan warin ƙonanniyar roba yake, musamman da rana. Aka ce tsirfa ce. Da ciwo ya zo, sai aka ce ai ni na fara jin warin, don haka ni na san shi."

"Wa ya faɗa?"

"Wan mijina, Yaya Babba."

"Mijin fa?"

"Ƙasa ya kalla."

Da azahar Sufeto ya hau rufin gidan yana haki, Saje na riƙe masa tsani yana ba shi shawarar rage tumbi. Ya buɗe tanki ya shinshina. Ruwa garau, ba wari. Ya sauko kicin ya kunna famfo. Warin ya doki hancinsa har ya yi tari.

"Gubar nan tana da ladabi," in ji shi. "Ta ƙyale tanki, ta tsaya jira a hanya."

Suka bi hanyar. Siraran bututan roba ne shimfiɗe a rana, sun yi laushi don zafi, gam ya malale a kowace gaɓa, an kankare rubutun jikinsu. Saje ya yanka ɗaya, guntun jar waya ya faɗo.

"Yallaɓai, wannan ai na wayar lantarki ne. Ba a yi shi don ruwan sha ba."

Tsohuwa, uwar mijin, tana kwance a falo. "Babbana ne ya cire bututan ƙarfen ya sa waɗannan, ya ce sun yi tsatsa. Ɗan albarka. Mai haɗa wayar lantarki ne, amma ba aikin da hannunsa bai iya ba."

Yaya Babba ya musa. "Mai gyaran famfo na kira, Yallaɓai."

"Sunansa?"

"Na manta."

"Shagonsa?"

"Ya tashi."

Sufeto ya leƙa ɗakinsa. A bayan ƙofa, gorunan ruwan sayarwa ne da aka shanye tuli guda, wasu duk ƙura. Ya koma kicin, ya ciko kofi, ya miƙa masa.

"An wanke tanki tun jiya, ko? To ba sauran guba. Sha."

"Ba na jin ƙishi."

"Tun sati uku ba ka jin ƙishi, malam. Gorunan can sun girmi ciwon yaron."

Yaya Babba ya ajiye kofin. Ya zauna a ƙasa.

"Ragowar wani aiki ne na kwaso, na ƙarfen kuma na sayar. Na ɗauka warin zai tafi. Da yaron ya kwanta sai na tsorata. Ita kuwa... ita ba jininmu ba ce."

Saje ya sa masa ankwa. Tsohuwa ta lallaɓo ta kama hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, ba za a bar maganar yadda take ba? Ita ai ta riga ta saba da wurin."

Sufeto ya zare hannunsa a hankali.

Da la'asar aka saki matar. Mijin yana tsaye a ƙofar caji ofis da takalmanta a leda. Ta karɓa ta sa, ba ta dube shi ba.

"Mu je gida ki yi wanka," in ji shi.

"Da wane ruwa?"

Ta tare mota zuwa asibiti, ta ja ƙofa ta rufe kafin ya ƙaraso.