Kofin da Aka Binne a Zaitawa

A bakin Kasuwar Kurmi Bahijja ta fara ganinsa, saurayi fes cikin shadda, ya durƙusa yana tsintar ɓawon lemo yana zubawa a buhu. Dariya ta kuɓuce mata.

"Malam, akuya za a kai wa?"

"Roba zan yi," in ji saurayin, Fa'izu. "A ɗakin gwaje-gwajen jami'a muke haɗa man ɓawon nan da iskar kabon, irin ta hayaƙi. Robar kuma in an binne ta, ƙasa cinye ta take yi."

Ba ta yarda ba, amma ta ba shi lambarta. Kafin ka ce me, so ya kama ta dumu-dumu.

"Lemon zaƙina," ya rubuto mata, "yau ma na ɓata haɗi saboda tunaninki."

"To ka rage, kada a kore ka," ta amsa, tana murmushi ita kaɗai.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Hambali mai kiwon raguna. Leda ta sha kashe masa dabbobi, ko sunan roba ba ya son ji.

"Mai roba? Ga Ɗalha ɗan aminina yana jira!"

Fa'izu ya kawo kofin da ya yi da robarsa, garai-garai kamar gilashi. Malam ya binne shi cikin taki a bayan turke.

"In damina ta wuce na tarar da shi, ka haƙura da 'yata."

Damina ta wuce, aka tona. Ga kofi nan daram, taki ya rine shi amma ko tsagewa bai yi ba. Bahijja ta sha kuka, ta tura wa Fa'izu saƙo: "Ashe ƙarya ka yi mini."

"Wallahi ban yi ba, masoyiyata," ya amso. Ta kashe wayar.

Ana shirin karɓar mutanen Ɗalha, tana goge kabet ɗin mahaifiyarta, sai ga kofin Fa'izu a bayan kwanuka yana sheƙi.

"Inna! Me ya kawo wannan nan?"

Inna 'Yardada ta sunkuyar da kai. "Yo abu mai kyau haka a cusa shi cikin kashin raguna? Ai almubazzaranci ne. Tsohon kofin robar randa na sa a gurbinsa."

Malam ya yi dariya har da hawaye. Ya ce Ɗalha ya dakata, ya sake binne kofin gaske, ya kafa wa Inna ido. Bahijja ta ba Fa'izu haƙuri, suka jure wata daminar, kullum tana addu'ar ruwa.

Da aka tona, ɓurɓushi kawai Malam ya damƙo. Ya murza shi a tafin hannu, ya dubi Fa'izu.

"Turo magabatanka, ɗana."

Ranar ɗaurin aure rago mafi ƙiba Malam ya yanka. Da za a kai amarya, Inna ta miƙa mata sabon kofi daga hannun ango.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Wannan kuma a jere za ki sa shi, kada babanki ya gani."