Bangon Yamma

Bayan sallar isha'i ne Radiya ta fara jin ƙarar. Gurrr, sai shiru. Gurrr, sai wani dogon nishi kamar na raƙumi zai durƙusa. Daga bayan katangar ɗakinta take fitowa, gidan da wani baƙo ya kama haya a layinsu na Ƙofar Kuyambana. Ta wuni a tsaye a sashen gashin ƙashi na asibiti, ƙafafunta sun yi nauyi, amma sai da ta kasa kunne har ƙarar ta ɗauke.

Da safe ta gan shi a ƙofar zaure, babbar riga baje a cinyarsa yana mata aikin hannu, wuyansa a lanƙwashe kamar lauje.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ne mai niƙa jiya?"

Ya ɗago da ƙyar, kunya ta kama shi. "Tabarya ce, ranki ya daɗe. A kanta nake kwanciya ina mirginawa. Shekara goma sha biyu ina kan allura, bayana ya ƙi ni."

Zaharaddini sunansa. Idanunsa na wanda bai ƙoshi da barci ba ne, amma murmushinsa ya bi ta har bakin titi.

Ba za ta taɓa jikinsa ba, don haka ta waya ta koya masa. A wurin aiki ta koyi wani nau'in motsa jiki da ake kira yoga, wanda ba a garaje a cikinsa. Tsayuwa ɗaya ake ɗauka a daɗe a kanta, har kowace gaɓa ta zauna a mazauninta. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba ya dafa katako, wanda bai kamo ƙafarsa ba ya zarga igiya.

Ta rubuta masa: "Mai allura, nemi bangon da ya miƙe. Diddige, kafaɗa da ƙeya su taɓa shi. Kada ka yi kokawa da jikinka, lallaɓa shi za ka yi. In ƙashi ya daidaita, numfashi zai sami hanya, zuciya ma ta kwanta."

Ya amsa: "Likitata, ƙeyata ta ƙi zuwa bango. Wai fushi suke tun ina yaro."

Bayan wata uku ya sake rubutowa: "Yau na kai asuba ban farka ba. Na ga tsuntsaye a kan rimin layinmu, ashe da can ƙasa kawai nake kallo. Radiyata, in turo magabatana?"

Ta karanta ya fi sau goma, ta kifa wayar a ƙirjinta.

Sai dai Iya Delu, maƙwabciyarsu, ta riga magabatan isa. Ta hau soro shanyar kuɓewa, ta hango Zaharaddini ta ƙofar ɗakinsa ya yi ruku'u, ya kai goshi kan wani guntun katako, fuskarsa na kallon yamma, ya ba alƙibla baya. Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Malam Mika'ilu, mahaifin Radiya, limamin masallacin layin.

"Ba zan ba mai yi wa ice sujada 'yata ba."

"Baba, motsa jiki ne. Ni na koya masa."

"To kin ƙara mini ciwon kai. Tashi ki ba ni wuri."

Wata biyu aka yi a haka. Radiya ta gaji da bayani, ta gaji da kuka, ta gaji da kallon da mata suke mata a bakin famfo. Masu kawo masa ɗinki ma suka ja baya. Ranar wata Laraba saƙonsa ya shigo: "Likitata, zan koma ƙauyenmu ranar Asabar. Ba na so a ɓata sunanki saboda ni."

Ta je ta durƙusa a gaban mahaifinta, muryarta a dishe. "Baba, ban zo roƙon aure ba. Ka kira shi ka gani da idonka. In shirka ce, ni da kaina zan ce ya tafi."

Washegari Malam ya sa aka kira Zaharaddini, ita kuwa ta laɓe a bayan ƙofar zaure, tana leƙe ta tsagar ƙyaure.

"Wa kake yi wa sujada a yamma?" Malam ya tambaya.

"Ba kowa, Malam. Ɗakin ginin ƙasa ne, bango uku duk sun yi ciki. Na yamma kaɗai aka yi wa siminti, shi ne ya miƙe."

"Katakon fa?"

"Goshina ne bai kai ƙasa ba, shi ne nake tokare shi."

"An ce daga Indiya abin ya zo. Me ake karantawa?"

"Can wasu suna haɗawa da ibadarsu. Ni numfashi kawai nake ƙirgawa."

"Yi in gani."

Zaharaddini ya jera ƙafafunsa, ya dafa bango, ya sunkuya a hankali har bayansa ya shimfiɗe kamar tebur. Malam ya zagaya shi sau biyu, yana duban diddigen da gwiwoyin.

"Shekara talatin ina cewa a daidaita sahu," ya faɗa a hankali, "ban ga bayan da ya miƙe haka ba. Ni yanzu in na yi ruku'u, sai na yi dabara nake ɗagowa." Ya dafa ƙugunsa. "Na tsofaffi akwai?"

"Akwai, Malam. Sai dai ban zo da igiya ba."

Malam ya kai hannu ya warware rawaninsa, ya miƙa masa. Radiya ta toshe bakinta da mayafi, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Da zai tafi Malam ya ce, "Ka ce wa magabatanka su zo Asabar ɗin. Kuma ka riƙa rufe ƙofa, Delu na da ido."

Ranar wata Juma'a aka ɗaura aure, aka raba goro da alewa. Malam ya dafa kan 'yarsa ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari. Tana cikin lulluɓi wayarta ta yi motsi: "Amaryata, na gaji har ƙashi, amma a miƙe nake jiranki."

Da yamma, mata na haramar rakiyar amarya, Iya Delu ta shigo daga zaure da sauri, tana gyara ɗaurin zane.

"Jama'a, wai shi Malam lafiya na gan shi ya rungume bango, ƙafa ɗaya a sama?"

Wata ta rangaɗa guɗa, aka kama hannun amarya aka fita.