Sawun Taya a Gadar Daji

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Maiturare rahoto a Birnin Gwari: doguwar mota ɗauke da injin haƙar zinariya na wani kamfanin Turawa ta kashe makiyayi, Bakoji, a kan wata siririyar gada cikin daji, hanyar Damari. Injin ya fi motar faɗi, gefensa ne ya matse mutumin da ƙarfen gada.

Dokar a fili take. Ƙaramar mota mai jar tuta ce ke yin gaba da nisan mil guda, kuma makiyayan dajin sun saba, sai sun ga tutar suke kawar da shanu daga hanya.

"Ba mu ga tuta ba," in ji Safiyatu, matar mamacin, da Sufeto ya isa gadar.

Maliki, direban motar rakiya, ya yi tsaki. "Ƙarya take, ranka ya daɗe. Na wuce, na yi ham har na gaji. Abarshi ne ya sheƙo da gudu."

Abarshi, direban babbar motar, ya sunkuyar da kai. Maliki ɗan lelen Baturen kamfanin ne, wa zai ƙaryata shi? Ga shi kurkuku na jiran Abarshi a kan laifin da ba nasa ba.

Sufeto ya tsuguna a lakar bakin gadar ya daɗe yana duba sawun tayoyi. Da ya miƙe, idanunsa sun yi ja.

"Maliki, wa ya fara hawa gadar nan?"

"Ni."

"To yaya sawun tayarka ya hau kan na babbar mota?"

Maliki ya fara kame-kame. Sufeto ya buɗe bayan motar rakiyar da ƙarfi. Ga jar tuta an toshe bakin tulun zuma da ita, ƙudaje sun yanyame ta.

"Tutar da ake tsare rayuka da ita ka mayar marfin tulu!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Ina ka tsaya?"

"Wajen masu zuma... na ce Abarshi ya ci gaba, zan cim masa kafin gada."

Wani ɗan sanda ya danna masa ankwa, ya ja shi. Maliki ya waiwayo yana kuka.

"Wallahi minti goma kawai na yi!"

Sufeto ya nuna Safiyatu, wadda ke durƙushe tana kore ƙuda daga fuskar mijinta.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ga ta can, je ka gaya mata minti goma ne."