Hannun da Ya Taɓa Injin Baba

Ƙarfe tara na safe tsohon ya faɗo caji ofis yana huci, makullin mota a damƙe a hannunsa. Baba Sannu-Sannu ake ce masa a tasha, don shekara talatin da ɗaya yana jan bas, ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba.

"Yallaɓai, an kashe mini mota!"

Insfekta, mutum mai jiki da ba ya son hayaniya da safe, ya jawo masa kujera. "Zauna tukuna, Baba. Kashe ta aka yi, ko kwananta ne ya ƙare?"

"Jiya da safe na kai fasinjojina mata kasuwa na dawo, injin lafiya lau. Na ajiye ta a tasha na tafi cin abinci. Ina dawowa na murza makulli, sai tari, sai harbi ta salansa, ko ɗan tudun ƙofar tasha ta kasa hawa. Dogo ne! Shi ke bayana a layi, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fasinjojina. Yashi ya zuba mini a tanki."

"Bakanike ya duba?"

"Ƙanena ne bakanikena. Wai injin ya buga, sai dai a sayar wa masu tsohon ƙarfe." Ya dubi makullin da ke hannunsa. "In babu motar nan, yallaɓai, me zan tashi in yi da safe?"

Aka rubuta ƙara, aka miƙa masa ya sa hannu. Ya kawo takardar har kusa da hancinsa, sannan ya zana sunansa can gefe, nesa da layin. Insfekta ya lura da haka.

Ya ɗauki Kofur, wanda ke kula da motocin ofis, suka nufi tasha tare da tsohon.

Kai, bas ɗin nan ta sha duniya! Ƙofar gefe da igiya ake riƙe ta, kujerun duk faci ne. Amma ko ƙwayar datti babu a ciki, sitiyarin har sheƙi yake don goga.

Kofur ya ɗaga kujerar gaba, inda injin yake. Ya zuƙo mai daga tanki ya zuba a kwalba, ya ɗaga ta a rana.

"Man nan garau yake, yallaɓai. Babu yashi."

Ya gwada batir, da ƙarfinsa. Ya zaro sandar baƙin mai, cike yake, sabo fil. Sai ya kwance fulogi huɗu na injin ya jera su a kan tsumma. Biyu a bushe, biyu sharkaf da fetur. Ya bi wayoyinsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi dariya.

"Injin nan ko ciwon kai ba ya yi. An dai musanya wayoyin fulogi biyu ne, wuta na zuwa ba a lokacinta ba. Shi ne tarin da harbin. Kuma wanda ya yi gwani ne, ko ƙusa ɗaya bai ɓata ba." Ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa. "Baba, kana ji da motar nan. Bel a ɗaure tam."

"Wane bel?" in ji tsohon. "Wata guda yana mini kuka ban samu na kai an ja shi ba. Baƙin mai ma jiya na ce zan ƙara, na manta."

Insfekta ya dubi Kofur. "Bar wayoyin yadda ka same su. Baba, zauna a inuwa, ina zuwa."

Dogo na can yana wanke gilashin motarsa, yana satar kallo.

"Jiya da rana kana ina?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Barci nake a mota."

"Wa ya taɓa motar Baba?"

"Ban ga kowa ba."

Insfekta ya ja shi zuwa gefen dama na bas ɗin Baba, ya nuna masa wata doguwar gurza mai shuɗin fenti. "Wannan fa?"

"Tsohon tabo ne. Ya shekara."

Insfekta ya goga yatsa a wurin, ya nuna masa shuɗin da ya manne. Ya kuma nuna ƙofar tasha, shuɗiya, da gefenta a gurje.

"Dogo, Baba ya kai ƙararka. In ka ci gaba da yi mini ƙarya, yau a bayan kanta za ka wuni."

"To ku kulle ni ɗin."

Wannan amsa ta ba Insfekta mamaki. Ya sassauta murya. "Kai da ake cewa kana son layinsa, kai kake rufa masa asiri?"

Dogo ya yar da soson. "Shi ya koya mini tuƙi, ranka ya daɗe. Ranar Litinin ya fito da mata goma sha huɗu a ciki. Wata mai goyo tana tsallaka ƙofa, rana tsaka, bai gan ta ba. Ihunmu ne ya sa ya murɗe kan mota ya gogi ƙofar. Ya sauko yana cewa wai birki ne. Duk tasha an san idon ne, amma wa zai faɗa masa?"

"Kai wa ka faɗa wa?"

Dogo ya sunkuya ya ɗauki soson. Idonsa dai ya tsallaka titi, ya sauka a kan wani gareji mai rumfar kwano.

Ƙanen Baba shi ma dattijo ne, furfura ta cinye gemunsa. Insfekta ya same shi a garejin yana wanke sifanu a kwanon fetur.

"Kai ka ce injin ya buga?"

"Haka na gani."

"Shekara nawa kana gyaran motar nan?"

"Tun ranar da aka sayo ta."

"Kofur ɗina ya gano matsalar cikin minti goma. Kai ka kasa?"

"Tsufa ne, yallaɓai."

Insfekta ya zauna a kan wata taya. "Na daɗe a aikin nan, Malam. Na ga wanda ya zuba wa mutum gishiri a inji, na ga wanda ya yanke wayar birki. Ban taɓa ganin maƙiyin da ya lalata mota, sannan ya tsaya ya ɗaure mata bel ya ƙara mata baƙin mai ba."

Sifana ta suɓuce cikin kwanon. Bakanike ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Hannun nan ne ya tona ni," ya ce. "Wayoyin kawai na je in musanya. Ina ɗaga kujera na ga bel a sake, mai ya yi ƙasa. Wallahi na kasa rufewa in tafi in bar ta haka."

"Me ya sa ka yi?"

"Yanar ido ce ta rufe masa gani. Sau uku ina roƙonsa mu je asibiti, sai ya ce in kama kaina. Ina ɗan shekara shida ubanmu ya rasu, Yaya ne ya raine ni. Ba zan iya duban fuskarsa in ce masa ya gama tuƙi ba. Ya fi mini sauƙi in ce motar ce ta gama." Ya share ido da gefen rigarsa. "Ban san zai kai ƙarar Dogo ba. Ni ne, ku tafi da ni."

Ashe Baba ya gaji da zama a inuwa, ya biyo Kofur. Yana tsaye a bakin rumfar, komai a kunnensa. Tausayi ya kama Insfekta, har ya rasa wanda zai duba a cikinsu.

"Akwai ƙara a rubuce," ya ce a hankali. "Dole ka bi ni ofis ka ba da bayani."

"Yallaɓai," in ji Baba, "bar shi ya mayar da abin da ya cire tukuna."

Suka tsallaka tare. Bakanike ya durƙusa, ya mayar da fulogin, ya sa kowace waya a gidanta. Baba ya hau kujerarsa ya murza makulli. Bugu ɗaya injin ya tashi, sumul, babu tari babu harbi.

Tsohon ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana saurare. Sannan ya ɗago ya dubi ƙofar tasha, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa.

"Mai goyon nan," ya ce, "da gaske ta kusa?"

"Taku biyu, Yaya."

Baba ya gyaɗa kai. Ya sauko, ya zagaya yana dafa jikin motar, ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna.

"Dogo, ka yafe ni. Ka ɗauki matan nan gobe, kuma kada ka yi gudu da su." Ya juya ga ƙanensa. "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Shiga ka ja. Mu kai Insfekta ofis in janye ƙarata, daga can ka kai ni wajen likitan naka."

Insfekta da Kofur suka shiga baya. Bakanike ya sa giya, motar ta haye tudun ƙofar tasha.

"A hankali," in ji Baba. "Ba ta saba da gaggawa ba."