Shuɗiyar Langar Doña Tatica

"Yahaira, sai yaushe? Ki faɗa mini, sai yaushe?"

Wilkin ne ta bayan shingen gidanmu, ni kuwa ina tsugune ina tsince jan wake a faranti.

"Rage murya mana! So kake Mama ta ji?"

"Ta ji ɗin! Aurenki nake nema, ba sata na zo yi ba. Na yi, na yi da tawa uwar ta rako ni, ta ce ƙafarta ba za ta taka gidanku ba sai an mayar mata da langarta."

"Ni ma na faɗa maka, rabin raina, ba zan aure ka Mama tana fushi ba..."

"To sai mu tsufa a bakin shinge," ya ce, ya juya ya tafi. Har ga Allah sai da na yi hawaye.

Mama da Doña Tatica, mahaifiyar Wilkin, aminai ne tun suna 'yan mata a nan garinmu na Moca. Duk Juma'ar Ista kowacce kan dama kunun wake mai zaƙi ta aika wa ɗayar, kamar yadda kowa ke yi da maƙwabta. Wata shekara Doña Tatica ta ɗanɗana na Mama a gaban mutane, ta ce kanumfari ya yi yawa. Shi ke nan fa! Mama ta ɗauki shuɗiyar langar da aka kawo mata kunu a ciki, ta ɗora can saman kabad. A unguwarmu kwano ba ya komawa wayam, ita kuwa ta rantse ko cokali ɗaya ba za ta ƙara zuba mata ba.

Kanumfari fa, jama'a! A kan kanumfari ake neman hana ni miji.

Washegari Juma'ar Ista gida ya cika da dangi, kowa na magana ƙasa-ƙasa saboda girman ranar. Na markaɗa waken, na tace, na matse madarar kwakwa, na yayyanka dankali. Juyawa kuwa ta Mama ce ita kaɗai, wai idan hannu ya canza kunun tsinkewa yake yi. Ƙanshin kirfa ya cika tsakar gida.

"Me ya kumbura miki ido?" ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Hayaƙi ne, Mama."

"Uhm. Hayaƙin nan mai tsayuwa bayan shinge?"

Kunya ta kama ni, amma na daure.

"Mama... ina son sa. Sosai nake son sa. Amma ko nan da ƙofa ba zan bi shi ba sai kin sa mana albarka."

Sai kawai ta miƙa hannu ta damƙo kanumfari ta ƙara watsawa a tukunya. Na ce a raina, yau kam tawa ta ƙare.

Da kunu ya huce muka jera kwanukan maƙwabta. Mama na zubawa, ni ina yayyafa zabibi da ƙananan biskit a kai. Muna gamawa ta tsaya tana kallon sauran da ke gindin tukunya.

"Hau kujera ki sauko mini da waccan."

"Wacce, Mama?"

"Ke! Kar ki sa in ɗaga murya a rana irin ta yau."

Na hau na sauko da shuɗiyar langar, na wanke ƙurarta. Mama ta cika ta taf, ta rufe, ta yafa gyale, ta ɗauka da hannunta. Na bi bayanta.

Doña Tatica na zaune a kujerar lilo a barandarta, Wilkin na tsaye daga ƙofa, baki buɗe. Mama ta dire mata langar a cinya. Matar ta shafa murfin, ta buɗe, ta sa aka kawo cokali. Ta kai baki... ta lumshe ido...

"Chela," ta kira sunan Mama, "kanumfari ya yi yawa."

Wayyo Allah! Na ji kamar in nutse.

"Da gangan na ƙara, uwar tsegumi!"

"Na sani," in ji Doña Tatica. "Shekara da shekaru ina marmarinsa. Nawa kullum salam yake fita."

Sai ga su sun rungume juna, suna toshe baki kada dariyarsu ta fita titi, hawaye na zuba. Wilkin ya matso kusa da ni, ya raɗa mini, "Zuciyata, kin ga abin da nake gani?" Na gyaɗa masa kai, daɗi ya cika ni.

Doña Tatica ta share ido ta harare shi.

"Kai kuma ka tsaya kana washe baki? Je ka goge takalmanka, ranar Lahadi za mu shiga gidansu neman aure."

Mama ta gyara gyalenta, ta nuna langar da baki.

"Idan za ku zo, kar ku zo mini da ita wayam."