Igiyar Rabe Ɗan Agaji

Wata Laraba Salamatu tana kan keken ɗinki a shagon babanta da ke Babbar Kasuwar Kaduna, tana haɗa yunifom ɗin 'yan makaranta, sai ga wani dogon saurayi da rigar kaki a hannu, aljihun ya yage har ƙasa.

"Soja ne ko ɗan sanda?" ta tambaya.

"Ɗan agaji ne, ranki ya daɗe. Sunana Rabe. Mu ne masu gyara sahu da tare hanya a masallaci. Akuya ce ta shigo wurin wa'azi, muka yi kokawa."

Dariya ta kama ta har allura ta soke ta. Aljihun da bai fi aikin minti biyar ba, sai da ya kai su la'asar.

Kafin wata ya zagayo, saƙo ya fara yawo tsakanin Kinkinau, unguwar su Salamatu, da Rigachikun, inda Rabe yake gyaran famfo.

"Sarauniyar keke, aljihun nan yana saitin zuciyata. Tun da kika taɓa shi ban sake samun natsuwa ba."

"Sojana marar bindiga, Allah ya ƙara. Ka turo manya."

Manya suka zo, babanta Malam Labaran ya ƙi. Ya ce mai yunifom ba na iyalinsa ba ne, na wanda ya busa usur ne. In yana son 'yarsa ya ajiye kakin. Ga kuma Shamsuddeen mai sarin yadi, maƙwabcin shagonsu, kullum sai ya kawo wa Malam gaisuwa da lemo.

Salamatu ta rubuta: "Ka ajiye rigar nan saboda ni."

Amsa ta zo: "Hasken idona, alkawari na ɗauka a cikinta. In na saɓa wannan, da me za ki yarda da nawa?"

Ta kife wayar. Kwana tara ba ta kula shi ba, ta ɗinka wa wando guda ƙafa uku.

Azumi ya kama. Ran nan bayan la'asar tana ɓangaren mata a wurin tafsiri, sai ta hango babanta ya zo a makare, Shamsuddeen ya goyo shi a babur. Suka nufi hanyar da aka tare da igiya domin wucewar mata. Wanda ke riƙe da igiyar Rabe ne.

Rabe ya durƙusa har ƙasa, amma igiyar tana sama.

"Baba, a yi haƙuri a zagaya. Nan ta mata ce."

"Kai, ka san wa kake tarewa?" in ji Shamsuddeen.

"Na sani sarai. Ko mahaifina ne zagayawa zai yi."

Malam Labaran ya sauka, ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya zagaya da ƙafa. Salamatu ta ce a ranta shi ke nan, an gama. Ko kalma ɗaya ta karatun ba ta shiga kunnenta ba.

Wurin buɗa baki tana miƙa wa babanta kunu, sai Malam ya fashe da dariya.

"Uwata, yaron nan yana neman aurenki amma ya hana ni hanya. Wanda ya tsare matan mutane haka, ina ga tasa? Ce masa manyansa su dawo."

Da gudu ta shige ɗaki, ta kusa kifar da tulu, ta rubuta wa Rabe: "Sojana, Baba ya yarda. Kada ka ajiye komai."

Bayan salla da mako biyu aka ɗaura aure. 'Yan agaji talatin suka jeru a layin gidansu cikin kaki, ƙawayenta cikin ankon atamfa ruwan goro, har maƙwabta suka ɗauka wani babba ne zai wuce. Ta taga Salamatu take leƙe. Ango cikin farar babbar riga ya ga motoci sun cakuɗe, ya zabura zai je ya raba su. Malam Labaran ya cafke masa hannun riga.

"Zauna, ɗana. Yau kai ake gadi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Layin gaba ɗaya ya amsa da amin, Salamatu ma ta amsa daga bayan labule.